Kukan Inji: Daga Wasan Tsere Zuwa Sifinja

Duk wanda ya taɓa zama kusa da yaranmu suna buga tseren mota a PlayStation ya san gardamar da ba ta ƙarewa: kukan injin nan na gaske ne ko na bogi? Gardamar ta girmi yawancinsu. Tun da Gran Turismo ya fito a Japan a 1997 ake yabon surar motocinsa ana kushe muryarsu, har 'yan wasa suka riƙa cewa ai wannan kukan na'urar zuƙe ƙura ne. Shekara ashirin kamfanin Polyphony Digital yana shan wannan gori kafin Gran Turismo Sport na 2017 ya fara wanke shi.

Abin da wuya, domin kukan inji ba sauti guda ba ne. Inji mai silinda shida da ke juyawa sau 2,000 a minti yana tashin wuta sau 100 a daƙiƙa, kuma daga nan muryar take somawa. Sai iskar da yake zuƙa, da tsawon salansa da faɗinta, da kukan giya, da karkarwar bodi. Ƙari a kan haka, injin da ke jan kaya a hawa ba ya kuka irin na wanda ake taka wa totur a tsaye. Shi ya sa masu haɗa wasannin suke ɗora mota a kan na'urar da ke sa ta nishi kamar tana kan hanya, su kafa makirufo a bakin salansa da cikin gidan inji da wajen zaman direba.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurinmu. A Mantiƙa Sina'iya ta Khartum da ta Omdurman, inda 'ya'yanmu suka koyi gyaran mota tare da sauran ƙabilun Sudan, kunne shi ne kayan aiki na farko. Usɗa yakan ce a tayar da mota, ya yi shiru, sannan ya faɗi silindar da ba ta cin wuta tun ba a taɓa sifana ba.

Muna da tarihi da wannan kuka. Kakanninmu da suka yo gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, irin waɗanda suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, a ƙafa da jakuna suka zo. Na bayansu lori ce ta kawo su, daga Kano zuwa Maiduguri, Fort Lamy, Abeche, Jinaina, Ubayyid, har Omdurman. A cikin lorin da suka ci rairayin ƙasar nan kuwa babu kamar Bedford TJ, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1958, mutanen Sudan suka raɗa mata Sifinja, wai don laushinta kamar silifas. Maƙera da makanikai ba su bar ta yadda ta zo ba: sun ƙarfafa ƙashin bayanta, sun ƙara mata sifirin, sun gina mata sabon bodi na ƙarfe, wani lokaci ma a cire injin asali a dasa wani. Ko da Bedford ya daina ƙera manyan motoci a 1986, a nan ba ta mutu ba. Saboda haka da wuya a sami Sifinja biyu masu murya ɗaya. Kowace tana ɗauke da hannun usɗan da ya gina ta.

Kamfanonin wasa suna kashe dukiya don kama muryar Ferrari kamar yadda ta fito daga masana'anta, kuma ba mu ga laifinsu ba, tseren suke sayarwa. Amma Ferrari tana da masu adana ta. Tun 15 ga Afrilu 2023, yaƙi ya bi ta kan unguwannin masana'antu na Khartum da Bahri da Omdurman, an wawashe, an ƙona, masu sana'a sun watse zuwa wasu garuruwa da ƙasashe. Sifinjan da suka rage sun tsufa, usɗojin da suka san muryarsu ma haka. Wayar da yaro yake buga tsere da ita tana iya ɗaukar sauti, idan ya ji ɗaya ta tunkaro da lodi.