Tarihin Sinadarin Hayaluronik: Daga Idon Saniya Zuwa Man Shafawa

An fara sanin sinadarin hayaluronik a shekarar 1934, lokacin da Karl Meyer da mataimakinsa John Palmer, masu bincike a sashen ido na Jami'ar Columbia da ke birnin New York a Amurka, suka tace shi daga ruwan nan mai kauri da ke cike ƙwayar idon saniya. Wani nau'in sukari ne mai doguwar sarƙa, wanda in ya sha ruwa sai ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa. Sai a shekarun 1950 ɗakin binciken Meyer ya kammala gano tsarin ginuwarsa.

A hankali aka gane ashe jikin ɗan Adam ma cike yake da shi. Akwai shi a ruwan gaɓoɓi, da igiyar cibiyar jariri, da ido, da fata. Mutum mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da kimanin giram 15, kusan rabi a cikin fata, kuma kullum jiki na narkar da kashi ɗaya bisa uku ya sake ƙera sabo. Aikinsa riƙe ruwa tsakanin ƙwayoyin halitta da hana gaɓoɓi gogayya.

Wanda ya fitar da shi daga ɗakin bincike zuwa asibiti shi ne Endre Balazs, likita haifaffen ƙasar Hangari. Shekaru ya yi yana neman hanyar tace shi tas, don kada ya jawo kumburi in an saka a jiki. A zankon zakara ya sami abin da yake nema, wato jan naman nan da ke saman kansa, wanda sinadarin ya yawaita a ciki ƙwarai. Dawakin sukuwa masu ciwon gaɓoɓi na cikin waɗanda aka fara yi wa allurarsa. A 1980 kamfanin Pharmacia na ƙasar Suwidin ya fitar da shi da sunan Healon domin tiyatar ido. Wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne: yayin cire yanar ido, likita kan zuba shi ya cike gaban idon, ya kare lallausan bangon ciki daga rauni har a dasa sabon gilashi. A 1987 Japan ta amince da allurarsa ga masu ciwon gwiwa.

Duk wannan lokaci kaya ne mai ɗan karen tsada, domin sai an tara zankaye masu yawa kafin a sami kaɗan, ga kuma haɗarin ragowar furotin na kaza ya tayar wa wasu da borin jini. Mafita ta zo ta wata hanya da aka sani tun 1937, cewa wasu ƙwayoyin bakteriya na lulluɓe kansu da wannan sinadari. A shekarun 1980 kamfanin kayan kwalliya na Shiseido a Japan ya soma kiwon irin waɗannan ƙwayoyi a manyan tankuna, ana ciyar da su sukari, sannan a tace abin da suka samar. Wannan sauyi, fiye da kowace talla, shi ya kai sinadarin cikin kwalbar man shafawa. Daga baya ƙasar Sin ta karɓe kasuwar, musamman lardin Shandong, inda kamfanin Bloomage yake a birnin Jinan. Allurar cike tamoji kuwa, Restylane, ta fito a Turai a 1996, Amurka ta amince da ita a 2003.

Wanda ake shafawa aikinsa bai kai na allura ba, kuma ya kamata mai saye ya san haka. Sarƙarsa ta yi girman da ba za ta ratsa fata ba, sai ta tsaya a sama tana jawo danshi, fatar ta yi laushi na wani lokaci. Shi ya sa masana'antu suka koma yayyanka shi ƙanana, suna haɗawa da mai dogon. Masu talla kan ce yana riƙe ruwa ninki dubu na nauyinsa, maganar da masana da dama ke ganin an zuzuta ta.

Yanayi ma na da tasiri. A wuri mai danshi yana samun ruwa daga iska, amma da hunturu, lokacin da iska ta bushe ƙayau kuma kaushi da faso suka yi yawa, ruwan da ya riƙe kan tsere da sauri. Saboda haka likitocin fata ke cewa a shafa shi bayan wanka tun jiki bai gama bushewa ba, sannan a bi da mai kauri, kamar man kaɗanya ko basilin, wanda zai toshe wa danshin hanyar fita.