Kama Iskar Kabon da Yumɓu

Kama iskar kabon da yumɓu hanya ce ta tsotse iskar kabon dayokzayid daga hayaƙin masana'antu, ko daga sararin sama, da yumɓun da aka sarrafa da sinadarai. Wannan iska na kan gaba wajen ɗumama duniya. Kafin zamanin masana'antu yawanta kusan kashi 280 ne cikin miliyan, yanzu kuwa ya haura 420.

Yumɓu, dangin wanda magina tukwane ke kwaɓawa a ƙasar Katagum, daga Azare har Gololo, shimfiɗu ne sirara masu hawa-hawa, amma ɗanyensa ba ya riƙe kabon sosai. Sai a wanke shi da asid don ƙofofinsa su buɗe, sannan a cusa masa sinadarin amin. Amin ɗin ne ke cafke iskar. Idan ya ƙoshi a gasa shi da zafin da ya kai kimanin digiri 100, ya sako ta a tara, a mayar da shi aiki. An fi gwada bentonayit, mai kumbura idan ya sha ruwa, da kawolin, wato farar ƙasa.

Arewa ba ta rasa kayan aikin ba. Akwai farar ƙasa mai yawa a Alkaleri ta Jihar Bauchi, ga kuma kamfanin siminti na Ashaka a Jihar Gombe, irin masana'antar da fasahar za ta fi amfanarwa. Arha ita ce babbar fa'idar wannan fasaha. Sai dai amin yana lalacewa da yawan gashi, kuma galibin aikin bai wuce ɗakunan gwaji ba tukuna.