Labarin Rigar Mai-ciki da Mai-goyo a Wurin Hausawan Gadarif

Masu-karatu da yawa sun taɓa jin sunan Gadarif a bakin tsofaffi waɗanda suka yi tafiyar gabas. Gari ne babba cikin ƙasar Sudan, wajen mil 250 kudu maso gabas da Hartum, a kan hanyar Galabat da ƙasar Habasha. Da fari kasuwa ce ta Larabawan Shukuriyya, ana ce da ita Kasuwar Abu Sin. Ƙasarta baƙar laka ce, da rani ta daddare, da damina kuwa ta kama ƙafar mutum da ta jaki. Amma ba ta da na biyu wajen dawa da riɗi, saboda haka ne a ke ce da ita rumbun Sudan.

Mutanenmu sun daɗe a wannan gefe. Tun kafin zuwan Turawa akwai mutanen yamma zaune a Galabat, ana kiransu Takari. Sa'an da Ingilishi suka ci Sakkwato cikin shekara ta 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya fita da jama'a mai-yawa, aka kashe shi a Burmi cikin watan Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran zuwa gabas, suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, sunansa Mai Wurno har wa yau. Bayansu talakawa suka yi ta bin hanya ta Yerwa da Abashe da Janaina da Fashir, da niyyar Makka. Tafiyar ta kan ci shekaru, gama sai a tsaya a yi ƙodago kafin a ci gaba. Aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, jirgin ƙasa ya kai Gadarif a 1928, aka fara noman dawa da inji a Gadambaliya wajen 1945, ko wanne kuwa yana bukatar hannuwa. Wanda ya tsaya domin kaka ɗaya sai ga shi da jikoki.

A kan wannan hanya mata sun yi ciki, sun haihu, sun yi goyo, sun yaye. To, me suka sa a jikinsu? Wannan ita ce tambayar da mu ke so mu bi, gama masu-rubuta tarihi sun cika ƙidaya sarakuna da buhunan dawa, su manta da matar da ta ɗauko kaya a ka da ɗa a ciki.

Amsar farko mai-sauƙi ce. Kakanninmu mata ba su san wata riga ta mai-ciki ba, ba su kuwa bukace ta ba. Tufar Bahaushiya zane ne. Ta ɗaura fatari daga ciki, ta yi ɗaurin ƙirji, ta yafa gyauto ko mayafi in za ta fita, ta ɗaura fatala a ka. Zane ba shi da awo. Kadan ciki ya girma sai a sassauta ɗauri, kadan an haihu sai a tamke. In yaro ya yi kuka, ba maɓallin da za a kwance. In za a goya shi, ga majanyi. Zanen da aka sa wa yarinya cikin lefe shi ne za ta yi cikin fari da shi, ta yi jego da shi, in ya tsufa a yayyaga a yi wa jariri shimfiɗa. Ko telan da ya fi kowa gwaninta bai taɓa ƙago tufar da ta yi wa mace hidima kamar wannan ba.

Sai mu tuna kuma, a ƙasar Hausa ta dā allura ta maza ce. Mace ta gurje auduga, ta shiɓe, ta kaɗa zare da mazari. Namiji ya saƙa ƙwarya ƙwarya a masaƙarsa, marini ya rina, maɗinki ya haɗa ƙwaryoyin su zama zane ko riga. Akwai mata masu-saƙar gwado a masaƙar tsaye, amma ɗinkin riga da aikin wuya sana'ar maza ce, malamai da almajirai da yawa da ita su ke ci. Bature mai-yawon ƙasa Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya yi mamakin yadda tufafin Kano su ke kai har Tumbutu da Tarabulus. Abin sha'awa, cikin wannan shekara ɗin ce wani mutum a Amurka, Isaac Singer, ya karɓi takardar mallakar keken ɗinkinsa. Ba wanda ya sani a ranar cewa keken nan zai shiga ɗakin jikokin matan da Barth ya gani suna kaɗi.

Da matanmu suka zauna a Sudan suka tarar da wata al'ada dabam. Matan gari suna lulluɓa da tob, watau mayafi mai-tsawon yadi biyar ko kusa da haka, wanda a ke naɗe jiki duka da shi har ka. Talaka ta yi nata da damur, saƙin hannu na farar auduga, ko da baƙin rini. Mai-hali ta saya na kanti. Shi ma tob ba shi da awo, ɗan'uwan zane ne. Amma bayan Yaƙin Duniya na Farko matan birane suka soma sa fustan a ƙarƙashinsa, rigar da aka yanka bisa ga jiki, irin ta Masar da Turai. Yadi kuwa ya yi araha. Audugar da Hausawa su ke tsinka a Jazira ana kai ta masaƙun Ingila ta komo atamfa, cikin shekarun 1930 kuma yadin Japan ya cika kasuwa, 'yan kasuwa Girkawa da Indiyawa suna auna shi da zira'i.

Kada mai-karatu ya zaci kwalliya kaɗai ta sa matanmu suka karɓi tob da fustan. Sudan ta sami mulkin kai ran 1 ga Janairu 1956. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce sai wanda shi ko kakanninsa na wajen uba su ke zaune a ƙasar tun ƙarshen 1897. Yawancin Hausawa bayan wannan suka zo. Aka haɗa su da Fulani da Barebari aka ce musu Fallata, sau da yawa da reni. Matar da ta fita kasuwa ko asibiti da ɗaurin ƙirji, tun daga nesa an san ko wace ce ita. Wadda ta naɗa tob bisa fustan ta shige cikin jama'a. Saboda haka 'yan mata da aka haifa a can suka bi na gari, tsofaffi suka riƙe zanensu a cikin gida.

Nan fa wahala ta fito. Fustan yana da ƙugu, ciki kuwa ba ya shawara da ƙugu. Rigar da aka ɗinka wa amarya ba ta kai ta wata na biyar. Tela yana kasuwa, namiji ne, sai ya auna. Ku kuwa kun san kunyar Bahaushiya a kan cikin fari: ba ta faɗa, ba a tambaya, ko uwar miji sai dai ta gane da ido. Ina za ta iya tsayawa gaban baƙon namiji ya zagaya mata magwaji a ciki? In ta aiki yaro da tsohuwar riga a yi awo da ita, sai a kawo mata wadda ba ta shiga. Ga kuma kuɗi. Mai-gida ɗan ƙodago ne, kuɗinsa sai lokacin yankan riɗi da girbin dawa, daga Oktoba zuwa sanyi. Ciki ba ya jiran kaka. Abin da mace ta samu na sayar da gyaɗa da daƙƙuwa da godogodo ta hannun 'yar talla, shi ne za ta sayi yadi da shi. Ba za ta so ta biya ladan ɗinkin rigar wata huɗu ba.

Haka allura ta ƙetare daga hannun maza zuwa na mata. Hanyoyin koyo kuwa sun buɗe a lokacin. Malam Babikir Badri ya kafa makarantar 'yan mata a Rufa'a a 1907, ɗinki yana cikin abin da a ke koyarwa. Makarantun mishan na 'yan mata a Umdurman da Hartum su ma haka, kamar yadda matan mishan a ƙasarmu suka koya wa iyayen wadansu masu-karatu riƙon allura da saƙa a ajin mata. A 1921 wata Baturiya, Mabel Wolff, ta buɗe makarantar ungozoma a Umdurman. Matan da ta horar suka bazu cikin garuruwa da fararen tufafi da akwatin aiki, suna ta gargaɗi a kan tsabtar ƙyallen haihuwa. Jam'iyyar Matan Sudan da aka kafa a 1952 ta riƙa buɗe azuzuwan karatu da ɗinki. Gaskiya ce, 'ya'yan Hausawa kaɗan ne suka shiga waɗannan wurare da wuri. Amma ɗinki ba ya zama a aji. Maƙwabciya ta gani, ta ari riga, ta shimfiɗa ta bisa yadi, ta zana da gawayi, ta yanka. Keken hannu ɗaya, Singer da fari, daga baya Butterfly na Sin ko Usha na Indiya, wanda aka saya da kuɗin adashi (can suna ce da shi sanduƙ), ya isa unguwa guda.

Bari mu faɗi yadda rigar ta ke, gama dabarar ba ta tsufa ba. Abin lura shi ne, kafaɗar mace ba ta canzawa da ciki, sai daga ƙirji zuwa ƙasa. Don haka a kan yanka saman rigar daidai kafaɗa, a tsaya da shi a bisa nono. Daga nan a haɗa masa yadi mai-faɗi, kamar faɗin jiki sau ɗaya da rabi ko sau biyu, a tattare bakinsa da zare ya koma daidai da saman. Tattarar nan ita ce ajiyar wuri. Ciki yana girma tana buɗewa. Gaba a kan bar shi ya fi baya tsawo da yatsa huɗu ko biyar, in ba haka ba a wata na takwas riga za ta ɗage gaba ta zube baya. Kalmasar ƙasa a yi ta mai-zurfi. A gefe kuma kada a datse ragowar yadi, a naɗe shi ciki, domin ranar da aka matsu a farke a ƙara. Wadansu su kan sa mazagi a ƙarƙashin ƙirji maimakon roba, kuma su ne suka fi dabara, gama roba ta kan mutu da zafin rana da sabulu, mazagi kuwa mai-riga ce ke mulkinsa.

Mace mai-hankali ba ta ɗinka biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta goyo. Tun wurin yanka ta kan tsaga gaban rigar daga wuya ya sauka taƙi guda ko fiye, ta sa maɓalli uku ko huɗu. Waɗanda ba su son maɓalli, don yaro yana tsinke shi ya kai baki, su kan ɓoye tsaga biyu cikin ninkin tattarar, dama da hagu, a kalmashe bakinsu sosai don kada su yage. Da tob a bisa, mace ta shayar da ɗanta a cikin mota ko a layin asibiti, na kusa da ita bai sani ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen da su ke shayarwa har shekara biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2001 shawararta ke nan, nono zalla wata shida, sa'an nan a ci gaba har shekara biyu. Rigar da ta wahalar da uwa wajen buɗewa, ɗan ne ya ke biyan kuɗinta. Yadi kuwa auduga, mara-nauyi, mai-saurin bushewa, domin Gadarif ta yi shekaru da yawa tana fama da ƙarancin ruwa, ana saye a hannun masu-jaki, mai-jego kuwa wanki ba ya ƙare mata.

Kwana arba'in na jego sun zo daidai a al'adun biyu. Namu wankan ruwan zafi da kunun kanwa, nasu turaren hayaƙi na itacen ɗalha da garmasis, wani zanen siliki mai-ratsin ja da rawaya da a ke rufa wa amarya da mai-jego. A cikin kwanakin nan tsohon zane ya kan komo da darajarsa, fustan ya jira ranar fita.

Kada kuma a ce Turawa sun riga mu da nisa. Su ma matansu a gida su ke gyara riguna, mai-ciki kuwa ɓuya ta ke yi. Wata gwauruwa maɗinkiya, Lena Bryant, ta buɗe kanti a New York a 1904, ta yi suna da rigar mai-ciki mai-roba a ƙugu, amma jaridu suka ƙi buga tallarta don kunya, sai a 1911.

Daga baya gwanjo da riguna ɗinkakku na Sin da Masar suka yawaita, abaya mai-faɗi ta shigo daga ƙasashen Larabawa, mata da yawa suka ajiye keke. Sai yaƙi ya tashi a Hartum ran 15 ga Afrilu 2023. Madani ta faɗi cikin Disamba na shekaran nan, faɗa ya kai ƙasar Sinnar, inda Mai Wurno ta ke, a tsakiyar 2024. Dubban mutane suka kwararo Gadarif, aka sauke su a makarantu da tashar mota, a cikinsu akwai mata masu-ciki da suka fito da tufar jikinsu kaɗai. Kaya suka yi tsada, lantarki ya riƙa yankewa, wadda ta ke da keken hannu a ƙarƙashin gado ta jawo shi ta zuba masa mai. Sojan gwamnati suka karɓe Madani cikin Janairu 2025, wadansu suka koma gida da jariran da aka haifa a Gadarif.