Zare: daga ina "App not installed" ya samo asali?

1/ Jama'a, yau zare ne mai ɗan tsawo a kan kalmomi uku masu ɓata wa mutum rai: "App not installed". Duk wanda ya taɓa karɓar manhaja ta Xender a Kakuri, Television ko Sabon Tasha ya san su. Suna da tarihi, kuma tarihin ne ke nuna maka abin yi in sun fito. Ku gyara zama. 🧵

2/ Fayil ɗin da ake turo maka, mai ƙarewa da .apk, ƙunshi ne kawai. ZIP ne aka sauya wa suna. A ciki akwai umarnin da ke tafiyar da manhajar, da hotuna, da wata takarda mai faɗin sunanta, sigarta, da izinin da take nema. Sai sa hannun mai ita. A kan wannan sa hannun yawancin rigimar take.

3/ Mu 'yan kudancin kogi bai kamata batun ya yi mana wuyar ganewa ba. Masakar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, UNTL ta biyo baya. Atamfarsu na da tambari a baki. Da jabu ya fara kwararowa ta kan iyaka, har zanen da tambarin aka riƙa kwaikwayo, mai saye ba ya iya bambancewa. KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007. Akwai matsalar wuta da man inji, amma jabu ya taka rawarsa.

4/ To tambayar masu kwamfuta ita ce: ya za a yi tambarin da kowa zai iya tantancewa amma ba wanda zai iya kwafa? Fayil ya fi atamfa sauƙin kwafa nesa ba kusa ba.

5/ Amsar ta fito daga Amurka. A 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman suka kawo tunanin makulli biyu. A 1977 Rivest, Shamir da Adleman a jami'ar MIT suka fitar da lissafin da ake kira RSA, farkon haruffan sunayensu ke nan. Makulli ɗaya na sirri, yana wurinka. Ɗaya na bayyane, kowa ya gani.

6/ Yadda yake aiki: ana matse fayil ɗin da lissafi ya koma gajeriyar lamba, kamar zanen yatsansa. Mai manhaja ya buga wa lambar hatimi da makullinsa na sirri. Wayarka ta sake lissafin da kanta, ta gwada da makullin bayyane. In ko harafi ɗaya aka taɓa a hanya, lissafin ba zai hau ba.

7/ Wayar Android ta farko, HTC Dream, ta shiga kasuwa a Oktoban 2008. Tun daga ranar dokar ita ce ba a girka manhajar da ba ta da sa hannu. Salon sa hannun aro Google ya yi daga Java, wanda ake ajiye shi a wata jaka mai suna META-INF a cikin ƙunshin.

8/ Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Babu wata hukuma da ke ba da makullin. Kai za ka ƙirƙiri abinka a kwamfutarka cikin minti ɗaya, ka rubuta sunan da ka ga dama. Waya ba ruwanta da ko kai wane ne. Abu ɗaya take riƙewa: hannun da ya sa wa ta farko, shi zai sa wa duk sabuntawar da za ta biyo.

9/ Daga nan kuskuren da ya fi yawa yake fitowa. Kana da manhaja ta Play Store, wani ya turo maka "sabuwa" mai suna iri ɗaya amma wani hannun ya buga mata hatimi. Waya ta ƙi. A allo ka ga kalmomin nan uku, ko ta ƙara da cewa ƙunshin ya ci karo da wanda ke ciki. In ka jona ta da kwamfuta, sunan kuskuren na ainihi shi ne INSTALL_FAILED_UPDATE_INCOMPATIBLE.

10/ Sai ka ji wani a shagon caji ya ce "goge tsohuwar kawai, za ta shiga." Eh, za ta shiga. Amma ka duba me ka yi: mai gadi ya tsayar da baƙo a ƙofa, kai ka sallami mai gadin. Bayananka na tsohuwar sun tafi, sabuwar kuma ba ka san hannun wa ta fito ba. In manhajar banki ce, wallahi kada ka fara.

11/ Ni dai abin da ya fi ƙona min rai shi ne masu cewa a yi wa wayar filashin saboda wannan. Wayar lafiyarta ƙalau, aikinta take yi. An karɓi kuɗinka an share maka hotuna a banza.

12/ Mu koma tarihi, don tsarin farkon nan yana da rami. A Yulin 2013 Jeff Forristal na kamfanin Bluebox ya bayyana shi, aka riƙa kiransa Master Key. Dabarar mai sauƙi ce har ta ba da dariya: ka sa fayil biyu masu suna ɗaya a cikin ZIP. Mai tantancewa ya duba na kirkin, mai girkawa ya ɗauki na mugun. Hatimi na nan daram, kaya sun canza.

13/ Shi ya sa a 2016, da Android 7.0, aka kawo salo na biyu, v2. Maimakon a bi fayilolin ciki ɗaya bayan ɗaya, sai a buga wa ƙunshin gaba ɗaya hatimi. A Disambar 2017 kamfanin GuardSquare ya sake gano wani ramin mai suna Janus, kuma manhajojin da suka dogara da tsohon salon kaɗai ya kama.

14/ Masu koyon haɗa manhaja, wannan naku ne. Tun da CoLab ya buɗe a Barnawa a 2016, matasan wannan ɓangaren da ke rubuta manhaja sun ƙaru sosai, kuma kusan kowa sai ya yi tuntuɓe da wannan dutsen: a v2, da zarar ka sa hannu, ka gama. Ka daidaita ƙunshin da zipalign tukuna, sannan apksigner. In ka juya su, kai da kanka ka fasa hatiminka.

15/ Na biyu: makullin gwaji da Android Studio ke ƙirƙira maka ya bambanta daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Ka haɗa a laftof ɗinka, abokin aikinka ya haɗa a nasa, wayar gwaji ta ƙi karɓar ta biyu. Play Store kuma ba ya karɓar manhaja mai wannan makullin sam. A zamanin Eclipse ma shekara ɗaya yake yi ya mutu, mutum ya wayi gari aikinsa ya ƙi haɗuwa alhali bai taɓa komai ba.

16/ Na uku shi ne mai sa kuka. Kafin 2017, in fayil ɗin makullinka ya ɓace, ko ka manta kalmar sirrinsa, manhajarka ta zama marainiya. Ba ka da ikon sabunta ta har abada. Sai dai ka ɗora sabuwa da wani suna, ka fara tara masu amfani daga sifili. A garin da ake sace laftof, wuta kuma ke ƙona caja, ka san wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

17/ Wani abin lura: Play Store ya daɗe da sharaɗin cewa takardar shaidar makullinka kada wa'adinta ya ƙare kafin 22 ga Oktoba 2033. Shekara 25 ke nan daga buɗe kasuwar a 2008. Lokacin ana ganin nisa ne da shi. Yanzu kuwa gata-gata ne.

18/ A 2017 Google ya ce ku kawo makullin in ajiye muku. Kai ka riƙe wani ƙaramin makulli na ɗora kaya, in ya ɓace a sauya maka. A 2018 Android 9 ya zo da v3, wanda ke ba da damar tsohon makulli ya miƙa wa sabo gado. Sauƙi ya samu. Sai dai fa yanzu hatimin manhajarka yana aljihun wani, kuma wannan ya dame ni ko da ba a taɓa cin amanar ba.

19/ Yanzu mu zo kan dalilin da ya sa Xender ya fara "lalacewa" a idon mutane. Da, ƙunshi ɗaya ne ke ɗauke da komai: na kowace irin waya, kowane girman allo, kowane harshe. Nauyi gare shi, amma in ka tura wa wani, komai ya tafi tare.

20/ A 2018 Google ya fito da App Bundle, daga Agustan 2021 kuma ya wajabta shi ga duk sabuwar manhaja. Ku tuna PAN a Kakuri: daga 1975 aka riƙa kawo sassan Peugeot daga Faransa ana haɗa motar a nan. Haka mai manhaja ke miƙa wa Google sassa, shi kuma ya haɗa wa kowace waya daidai jikinta, guntu-guntu.

21/ Wato abin da ke wayarka ba fayil ɗaya ba ne kuma. Akwai uwar, akwai guntun injin wayar, guntun allo, guntun harshe. In abin turawarka uwar kaɗai ya ɗauka, a wayar abokinka ko dai ta ƙi shiga, ko ta shiga ta riƙa rufe kanta. Gangar mota aka ba shi babu inji.

22/ Ko an tura duka, akwai wani tarkon. Yawancin wayoyin yanzu 64-bit ne, amma ƙananan wayoyi masu Android Go da yawa 32-bit suke gudu. Guntun da aka yanka wa babbar Infinix ba lallai ya hau ƙaramar itel ba. Sunan wannan INSTALL_FAILED_NO_MATCHING_ABIS. Ba cikar ma'aji ba ne, don haka goge bidiyoyin biki ba zai amfana komai ba.

23/ Ku dubi yadda 2021 ta haɗa mana zafi. A Yuni gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, kowa ya shiga farautar VPN, da yawa ta hannun abokai. A Agusta dokar App Bundle ta fara. A ƙarshen Satumba aka katse layukan waya a wasu sassan jihar Kaduna saboda 'yan bindiga, sai a Nuwamba aka dawo da su. Lokacin da aka fi buƙatar turawa hannu da hannu, lokacin ta fi wuya.

24/ A dai ranar 30 ga Satumban 2021 wata tsohuwar takardar shaida, DST Root CA X3, ta cika wa'adinta. Miliyoyin shafukan intanet masu amfani da Let's Encrypt sun jingina da ita. An yi dabarar da ta ceci tsofaffin Android na ɗan lokaci, amma wasu tsofaffin na'urori suka fara ihun cewa shafi ba amintacce ba ne. Takardar shaida tana mutuwa, kuma da agogon wayarka ake aunawa. In ka ga irin wannan, fara duba kwanan wata.

25/ Kar a ce Google bai san da mu ba. A 2018 ya fara saka wata alama a cikin manhajojin Play Store don a gane su ko an tura ba data, ya kuma ambaci SHAREit, Files Go da Xender a matsayin abokan aikin. Ya san a ƙasashe irin namu data tsada gare ta.

26/ Batun GBWhatsApp da 'yan uwansa kuwa, ga shi a fili. An buɗe ƙunshin WhatsApp, an yi masa kwaskwarima, an rufe da wani hatimin. Shi ya sa ba sa sabuntuwa ta Play Store. WhatsApp ya dakatar da masu WhatsApp Plus a Janairun 2015, ya sake gargaɗi a 2019. A Agustan 2021 Kaspersky ya gano muguwar manhajar Triada a cikin wata sigar FMWhatsApp, mai iya karanta saƙonnin SMS. Ta ina lambar OTP ɗin bankinka ke shigowa?

27/ Hatimin ma ana sace shi. Stuxnet, wadda ta lalata injinan nukiliyar Iran aka gano ta a 2010, da satattun makullan kamfanonin Taiwan biyu, Realtek da JMicron, ta yi shigar burtu. A ƙarshen 2022 wani ma'aikacin Google ya bayyana cewa makullan wasu masu ƙera waya, har da Samsung da LG, sun fita, an sa wa miyagun manhajoji hannu da su.

28/ Saura biyu ƙanana. Waya ba ta yarda ka ɗora tsohuwar siga a kan sabuwa, lambar siga gaba take yi kawai. Sannan daga Android 14, manhajar da aka gina don abin da ya gaza Android 6 ba ta shiga kwata-kwata. Tsohon wasan nan da ke katin memorinka tun 2014, haƙuri za ka yi.

29/ In kai mai haɗawa ne, daina hasashe da saƙon allo. Jona waya, buga adb install, za ta faɗa maka sunan cutar. Sannan apksigner verify --print-certs zai nuna maka zanen yatsan makullin, ka gwada da na Play Console. Shiga da Google da ke aiki a gwaji ya mutu bayan ɗorawa, sau da yawa nan ne: ka yi rajistar makullinka, ka manta Google da nasa ya buga hatimin ƙarshe.

30/ A Agustan 2025 Google ya sanar da cewa zai taɓa dokar nan ta 2008. Manhajar da za a girka a wayoyin Android masu lasisinsa, ko daga wajen Play Store take, sai mai ita ya yi rajista an tantance ko shi wane ne. Ya ce za a fara a Satumban 2026 a Brazil, Indonesiya, Singafo da Tailan, sauran duniya daga 2027. Da aka yi ca a kansa, ya ce zai bar wata ƙofa ga ɗalibai da kuma waɗanda suka san abin da suke yi.

31/ Najeriya ba ta cikin rukunin farko. Masu haɗa manhajar makaranta, coci, masallaci ko adashe suna rabawa a WhatsApp daga Narayi zuwa Gonin Gora, ku fara neman inda kuka ajiye makullanku tun yanzu, don da su za a yi rajistar.