Bebeji, Garin Fatake, Tushen Zuriyar Ɗantata

Garin Bebeji yana kudu maso yammacin birnin Kano, a kan tsohuwar hanyar fatake da ta nufi Zariya. A yau hedikwatar ƙaramar hukuma ce, kuma a yankinta ne aka gina madatsar ruwa ta Tiga a farkon shekarun 1970, wadda ta raya noman rani a wannan shiyya. A ƙarni na 19 kuwa, da fatauci aka san garin. Baturen nan matafiyi, Kilafaton, ya ratsa ta cikinsa a 1826, ya kuma bayyana shi a matsayin babban gari mai ganuwa da ɗimbin jama'a.

Cikin waɗanda suka ɗaukaka garin akwai Agalawa, 'yan kasuwa da ake danganta asalinsu da ƙasar Abzin, waɗanda suka zauna a ƙasar Katsina kafin su gangaro Kano. Sana'arsu fataucin goro. Ayari kan tashi da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, madugu na jagoranta, a ƙetare kogin Kwara, a yi watanni kafin a isa kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja. Daga can a juyo da goro, ana kwancewa ana yayyafa masa ruwa a zango-zango don kada ya lalace.

A gidan wani madugu daga cikinsu, Abdullahi, aka haifi Alhassan a 1877. Masu bin salsalar gidan sukan kai ta ga Baba Talatin, attajirin da ya taso daga ƙasar Katsina ya zauna a Madobi. Alhassan yana yaro mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa Amarya, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta tafi Ankara ta ƙasar Gana ta yau. Wata tsohuwa mai suna Tata ce ta rene shi, shi ya sa ake kiransa Ɗantata. Wanda ya je neman wani kaka mai wannan suna zai sha wahalar banza, domin laƙabi ne da ya bi mutum ɗaya, daga baya ya zama sunan gida.

Masifu biyu suka auka wa Bebeji cikin shekara goma. Ta farko ita ce Basasar Kano, wadda ta ɓarke a 1893 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa. Agalawa sun bi Tukur, da aka ci su aka washe dukiyarsu, aka kama Alhassan da 'yan'uwansa, sai daga baya suka fanshi kansu. Ta biyu ita ce zuwan Turawa. Rundunar Kanar Molan da ta taso daga Zariya ta fasa ƙofar Bebeji da igwa, sannan ta wuce ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903.

Abin da ya ƙarasa karya tsohon fatauci shi ne jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911. Ciniki ya koma bakin tasha, attajirai suka bi shi. Alhassan, wanda tuni ya fara dakon goro ta jirgin ruwa zuwa Ikko, ya tare a unguwar Sarari cikin birni, ya zama babban mai sayen gyaɗa ga kamfanonin Turawa. A 1929 da bankin Ingila na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano, an ruwaito cewa raƙuma 20 ne suka kai masa kuɗin azurfar Alhassan. Ya rasu a 1955. Cikin 'ya'yansa akwai Sanusi da Aminu, kuma Aliko Ɗangote jikan Sanusi ne ta wajen uwa.

Daga lokacin gyaɗa zuwa yau, bin wannan zuriya abu ne mai sauƙi, saboda takardun kamfani da na gwamnati sun riƙe sunaye. Abin da ya gabaci haka kuwa ba a rubuta shi a rajistar haihuwa ba. A bakin dattawa yake, da sunayen unguwanni, da auratayya tsakanin gidajen Bebeji da Madobi, da danginsu da suka zauna a zangon Kumasi da Ankara. Rahotannin haraji na Turawa da ke gidan adana tarihi na Kaduna suna taimakawa, amma sun fi kula da hakimai da dagatai fiye da fatake.

Gidajen Agalawa da yawa sun fito daga wannan gari, sai dai ba kowanne ne ya sami mai rubuta tarihinsa ba. Duk mai tsoho a gida, ya zauna da shi tun yana da rai, ya tambaye shi sunayen kakanni na wajen uba da na wajen uwa, da laƙabinsu, da garin da suka taso, ya rubuta ya adana.