Yadda Wufa Ta Baro Silima Ta Shigo Falo

A watan Nuwamba na 1974 kamfanin Universal ya fitar da fim ɗin Earthquake, labarin girgizar ƙasa da ta rusa birnin Los Angeles. Labarin kansa ba wani abin a zo a gani ba ne. Abin da ya sa ake tuna shi har yau shi ne Sensurround, wasu manyan akwatunan sifika na kamfanin Cerwin-Vega da aka girke a gidajen silima. Da zarar ƙasa ta fara motsi a majigi, sai su saki wani rugugi mai kauri wanda ƙirji ke riga kunne ji. A silimar Grauman's Chinese da ke Hollywood har filasta ta riƙa zubowa daga sama, sai da aka ɗaura raga a saman 'yan kallo. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar ta sauti.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da tambarin sarki ranar hawa ya san irin wannan ji. Bambancin kawai, a fili ake buga tambari, ita kuwa wufa a ɗaki aka kulle ta, kuma daga nan matsalarta ta faro.

A daidai wannan lokaci wani matashi a Los Angeles, Ken Kreisel, ya haɗa wa Walter Becker na ƙungiyar mawaƙa ta Steely Dan akwati na daban domin kaurin sauti kaɗai, aka yi aiki da shi wajen tace faifansu Pretzel Logic na 1974. Kamfanin Miller & Kreisel ya kai dabarar gidajen mutane: ƙananan sifiku su ɗauki murya da kiɗa, akwati guda ya ɗauki nauyin ƙasa. A 1983 Lucasfilm ya fito da ma'aunin THX ƙarƙashin injiniya Tomlinson Holman, kuma da tsarin ya iso gida sai ya tsayar da iyaka a 80 Hz, wato karkarwa tamanin a daƙiƙa. Abin da ya gaza haka na wufa ne. A 1992 fim ɗin Batman Returns ya zo da Dolby Digital mai tsarin 5.1. Wannan ɗigo ɗayan hanya ce ta rugugi zalla, wadda ba ta wuce 120 Hz.

Dalilin zaɓen 80 shi ne, ƙasa da nan kunnen mutum yana shan wuya kafin ya gane daga ina sauti ke fitowa. Daga wannan gaskiyar aka ƙago maganar da masu sayarwa ke maimaitawa har gobe, wai ka ajiye wufa duk inda ka ga dama. A ganina babu rabin gaskiyar da ta cuci masu saye kamar wannan. Kunne bai san inda take ba, amma bango ya sani.

Lissafin ba shi da wuya. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. Igiyar sauti mai 40 Hz tsawonta ya haura mita takwas da rabi, ta fi yawancin falukanmu tsawo. Idan ta bugi bango ta dawo sai ta haɗu da mai tahowa, a wani wuri su ƙarfafa juna, a wani wuri su kashe juna. A falo mai tsawon mita biyar, hakan na farawa a wajen 34 Hz: kusa da bango sautin ya yi ta ɗuma, a tsakiyar ɗaki kuwa, inda maigida ya fi son kujerarsa, ya ɓace. Ƙara murya ba ya magani, domin igiyar da ke kashewa ita ma ƙaruwa take yi. Tun 1974 Roy Allison ya wallafa bincike kan yadda nisan sifika da bango ke canza ƙarfin da take fitarwa, amma kasuwa ta daɗe ba ta saurare shi ba.

Gidajenmu sun fi shan wannan wahala. Bangon katako da allon filasta na Amurka yana lanƙwasawa ya shanye wani kaso na kaurin. Bulo da siminti da tayil ba sa shanye komai, mayarwa kawai suke yi. Na taɓa cusa tawa a kusurwa saboda nan waya ta kai. Kusurwa tana ƙara ƙarfi, gaskiya ne, amma duk wata ɗumar ɗakin tana tayar da ita. Ni a kujera ina jin kamar babu komai, maƙwabcina kuma ya aiko yaro ya ce tagarsa na rawa.

Maganin da masu sha'awar abin suka daɗe da shi abin dariya ne a ido. Ka ɗora wufar a kan kujerar da kake zama, ka sa kiɗa mai kauri, sannan ka bi gefen bango da rarrafe kana saurare. Inda ka ji sautin ya daidaita, ba ɗuma ba rami, nan za ka ajiye ta. Yana aiki ne saboda hanyar sauti tsakanin wurare biyu iri ɗaya ce ko ta wane ɓangare aka biyo ta. Matsalarsa, kujera ɗaya yake gyarawa.

A 2002 Todd Welti na kamfanin Harman ya sa kwamfuta ta gwada wurare da adadi iri-iri a ɗaki mai kusurwa huɗu. Ya gano cewa wufa biyu a tsakiyar bangaye biyu masu fuskantar juna, ko huɗu, sun fi guda ɗaya babba daidaita sauti a kujeru da yawa, kuma ƙari kan huɗu ba ya kawo wata riba. A shekarar aka kafa Audyssey, da Holman cikin waɗanda suka kafa shi, domin na'ura ta saurari ɗaki da makirufo ta gyara kanta. Yanzu akwai manhajar Room EQ Wizard ta John Mulcahy, kyauta, mai zana maka ramukan ɗakinka a allo.

A matsayina na mai rubuta manhaja, na so a ce lissafi ya gama komai. Bai gama ba. Manhaja na iya rage inda sauti ya yi yawa, tana iya jinkirta sifika ta jira wufa, kowane kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa daidai da tazarar santimita 34. Maɓallin 0 da 180 da ke bayan akwatin shi ma irin wannan aikin yake yi a gurguje: ka zaɓi wanda kaurin ya fi cika a kusa da 80 Hz. Ramin da bango ya haƙa kuwa ba ta iya cike shi. Tawa sai da na janye ta daga kusurwa zuwa gefen tagar gabas, na kuma matsar da kujera baya da kamu biyu, abin da uwargida ba ta yafe mini ba har yanzu saboda ya ɓata mata tsarin kafet.