Yadda layin biza ya baro bakin teku ya dawo ƙofar gida

Baƙon da ya sauka daga jirgin ruwa a tsibirin Ellis, bakin birnin New York, a shekarar 1907 bai nemi ranar ganawa da kowa ba kafin ya baro garinsu. Tikiti kawai ya saya. Likitoci su duba shi, jami'i ya yi masa 'yan tambayoyi, galibi kafin rana ta faɗi ya shiga gari. Mutum kusan miliyan 12 ne suka bi ta wannan tsibiri tsakanin 1892 da 1954, kuma kimanin kashi 2 cikin 100 kaɗai aka mayar. Akwai layi, amma a ƙasar Amurka ake bin sa, a gaban 'yan jarida da dangi.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya fara sauya al'amarin. A 1917 Amurka ta wajabta wa baƙi samun biza saboda tsoron 'yan leƙen asiri. A 1921 ta ƙayyade wa kowace ƙasa adadin mutanen da za ta karɓa daga gare ta, sai jiragen ruwa suka shiga tsere don isa tasha a farkon wata, wanda ya makara a juya fasinjojinsa bayan sun ƙetare teku. Dokar 1924 ta magance wannan abin kunya ta hanya mai sauƙi: kowa ya sami biza daga ƙaramin ofishin jakadanci a ƙasarsa kafin ya hau jirgi. Daga ranar layin ya koma inda mai zaɓe a Amurka ba ya ganin sa.

Abin da hakan ke iya haifarwa ya bayyana a zamanin Hitila. Kason Jamus da Austiriya a haɗe biza 27,370 ne a shekara, alhali a 1939 sunayen da ke jira sun haura 300,000, akasarinsu Yahudawa. A watan Yunin 1940 mataimakin sakataren harkokin wajen Amurka, Breckinridge Long, ya rubuta wa abokan aikinsa cewa ana iya tsayar da shigowar baƙi ba tare da sabuwar doka ba, muddin aka umurci jami'an jakadanci su riƙa gindaya sharuɗɗa suna ɗage bayar da biza. Otto Frank, mahaifin Anne Frank, yana cikin masu jira a ofishin Rotterdam, wanda ya ƙone a ruwan bama-baman 14 ga Mayun 1940. Ba a taɓa ce masa a'a ba. A ganina nan ne asirin tsarin yake: wanda aka hana yana da takardar da zai nuna, wanda ake sa shi jira kuwa ba shi da abin kai ƙara.

Mu ma layin ya iso mu. Ɗan Najeriya ya daɗe yana zuwa Ingila ziyara ba biza, sai a tashar jirgi ake tantance shi, har zuwa 1986 lokacin da gwamnatin Margaret Thatcher ta sanar da wajabta biza ga 'yan Najeriya, Gana, Indiya, Pakistan da Bangaladash. Bayan harin 11 ga Satumbar 2001, Amurka ta tsaurara: dokar 2004 ta ce mai neman bizar ziyara ko karatu, daga ɗan shekara 14 zuwa 79, sai ya bayyana gaban jami'i, in ban da wasu kaɗan. Masu nema suka ƙaru, tagogin ganawa ba su ƙaru daidai da su ba. Har yau mutumin Kano ko Maiduguri sai ya je Abuja ko Legas, bayan ya biya dala 185 da ba a mayarwa.

A 2001 ɗin dai aka kafa kamfanin VFS a Mumbai don karɓar takardu a madadin ofisoshin jakadanci, kuma sannu a hankali layin ya tashi daga bakin titi ya shige intanet. An huta da kwana a ƙofar ofis, wannan gaskiya ne. Sai dai layin titi ana ganin tsawonsa, ana sanin wanda ya riga wani. Na intanet shafi ne da ke cewa babu gurbi.

Inda abu ya yi ƙaranci kuwa, 'yan baranda ba sa nisa. A Sifaniya, inda baƙon da ke cikin ƙasa ma sai ya kama ranar ganawa kafin ya sabunta takardar izinin zama, 'yan sanda sun kama gomman mutane a 2023 bisa zargin amfani da manhaja wajen kwashe gurabe da zarar an sake su, su sayar wa baƙi abin da gwamnati ke bayarwa kyauta. A 2024 hukumar shige da fice ta Berlin ta rufe shafinta na kama rana, dillalai na cikin dalilan. Yanzu mai nema zai aika takardunsa ne, ya jira hukumar ta kira shi.